Hausa a Darasin Turanci: Laifi Ne Ko Dabara?

A makarantunmu da yawa, yaron da ya yi Hausa a aji monita zai rubuta sunansa, a ci shi tara ko ya sha bulala, wai ya yi "banakula". Amma malamin da ya kafa dokar, in ya ga idanun yara sun yi zuru bayan dogon bayani da Turanci, shi da kansa yake rage murya ya ce, "To ku saurara, abin da ake nufi shi ne..." Nan take ajin ya farfaɗo, hannaye su tashi. Da sufeto ya leƙo kuwa, sai a koma Turanci zalla, kamar an kama ɓarawo.

Wannan kunyar ce ke damuna, domin ba ta da tushe. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a farkon firamare. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Iyaye ma suna da hujja, kada a raina ta. Sun san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, kuma a ƙauye aji ne kaɗai wurin da yaro ke jin harshen. Malamin da ya cinye minti arba'in da Hausa ya cuci wannan yaro. Haka wanda ke Ingausa don nasa Turancin bai nuna ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin waɗannan malamai da malamar da ta rubuta "yaro" da "yaron" a allo, ta tambayi yara wanne ne aka riga aka sani, sannan ta ɗora musu "a" da "the" a kai. Minti biyu ta yi da Hausa, sauran darasin yara ne ke ta harhaɗa jimloli da Turanci. Irin wannan surkin koyonsa ake yi, kuma kwalejojin horon malamai ne ya kamata su koyar da shi a fili: yaushe za a shiga Hausa, don me, kuma yaushe za a fita.