Motar Italiya a Samaru da Sabon Gari: Ba Ta Cin Mai, Amma Tana Cin Jira

Duk wanda ya tsaya a Kwangila da hantsi, ya zuba wa hanyar Samaru ido, zai ga motocin Japan sun cika titi, da 'yan Golf na Jamus, da ragowar Peugeot, wadda mutanenmu ke kira Fijo. Amma zai daɗe a tsaye kafin ƙaramar Fiat ta gifta, balle Alfa Romeo ko Lancia. Abin kuwa da mamaki, gama mutanen Italiya ba baya ba ne wajen ƙira. Tun 1899 aka kafa kamfanin Fiat a birnin Turin, Lancia ta biyo baya a 1906, Alfa kuma a Milan a 1910. To, me ya hana motocinsu zama a garin nan? Malamai da akawuna masu tunanin sayen mota ya kamata su san amsar, domin ta shafi aljihunsu ko da ba ta Italiya za su saya ba.

Sai mu fara da yadda garin ya ke. Samaru wurin masu albashi ne. Tun 1922 aka buɗe gonar gwaji a can, daga baya aka gina kwaleji, ran 4 ga Oktoba 1962 kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi, nan kantuna su ke, nan masu kayan gyara da makanikai suka yi sansani. Watau mai mota yana Samaru, mai maganin motar yana Sabon Gari, tsakaninsu tafiyar 'yan mil ce. A zamanin da a ke ba manyan ma'aikata bashin mota, a riƙa cirewa daga albashi wata wata, mutum yakan zaɓi motarsa a cikin kanti, amma a gareji ya ke gane abin da ya zaɓa.

Idan a kan mai ne, ba wanda ya isa ya kushe ƙananan motocin Italiya. Ƙasarsu ba ta da arzikin fetur, titunan tsofaffin biranensu kuma ƙunci gare su, saboda haka suka gwanance wajen ƙera ƙaramin inji mai ƙwazo. Fiat 600, wadda ta fito a 1955, injinta a baya ya ke, girmansa bai kai kashi biyu cikin uku na lita ɗaya ba, amma tana ɗaukar mutum huɗu. Ƙanwarta Fiat 500, ta 1957, silinda biyu kacal gare ta, iska ke sanyaya injin, ba ruwanta da lagireto. Fiat 1100 ta fi su faɗi, ita ce ta dace da mai iyali. Galan ɗaya a cikin irin waɗannan yana kai mutum inda babbar motar Ingila ko ta Amurka ba ta kai shi. Tayoyinsu ƙanana ne, saboda haka ba su da tsada. Ga sauƙin tuƙi, ga kyan gani. Wanda albashinsa ba shi da yawa, lalle zai ji zuciyarsa ta karkata gare su.

Amma mai ba shi kaɗai ne abincin mota ba. Abu na farko da ke karya ƙaramar mota a ƙasar nan shi ne gargada. An ƙera ta don kwalta, cikinta kusa da ƙasa, an kuma auna mata nauyin da za ta ɗauka. Mu kuwa in an tashi zuwa gida hutu, sai a zuba iyali, a ɗora buhun masara, a bi hanyar ƙauye da damina. Sifirin ya gaji, salansa ta daki dutse, ƙofofi su fara kuka. Akwai abin lura a labarin Fiat 124, wadda ta fito a 1966 har aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Rashawa suka ƙulla yarjejeniya da Fiat don su riƙa ƙera irinta a garin Togliatti, suka fara a 1970, ita ce Lada. Kafin su yarda da ita sai da suka ƙara kaurin ƙarfen jikinta, suka ɗaga ta daga ƙasa, suka sake mata inji da birkin baya, har suka bar mata ramin hannun tayar da inji saboda ranar da batir ya mutu. Abin da hanyoyin Rasha suka nema a jikinta, shi ne hanyoyinmu ke nema.

Na biyu, ƙura da zafi. Da hunturu ƙura takan toshe matatar iska, ta shiga kafireto, in kuwa ta sami hanyar shiga inji sai ta cinye shi a hankali kamar gara. Da bazara ƙaramin lagireto yana aiki a bakin iyakarsa, fanbel ya ɗan saki kaɗan sai ka ga tururi. Injin Italiya yana son juyi da sauri, yana kuma son baƙin mai mai tsabta a kan lokaci. In an ba shi haƙƙinsa yakan daɗe. In kuwa aka yi masa irin riƙon da a ke yi wa jakin kasuwa, ba ya yafewa. Har wa yau, tun cikin shekarun 1960 Fiat na cikin waɗanda suka fara amfani da bel na roba mai haƙora wajen daidaita bugun inji, maimakon sarƙa. Bel ɗin ba shi da ƙara, ba shi da tsada, amma yana da wa'adi. A injuna da yawa, in ya tsinke a kan tafiya, fistin ya haɗu da bawul, gyaran kwabo ya koma na fam. Mai motar da bai san wa'adin ba, da bakaniken da bai saba da irinta ba, su biyu sukan taru su kashe inji mai lafiya, sa'an nan a ce motar ce ba ta da kirki.

A Turai babban abin da ya ɓata sunan motocin Italiya tsatsa ce. Alfasud ta shekarun 1970 ta yi ƙaurin suna a kan haka, a 1980 kuma maganar tsatsar Lancia Beta ta cika jaridun Ingila, har kamfanin ya riƙa karɓar motocin daga hannun masu su. Wannan ciwo bai cika damun Zariya ba, domin iskarmu busasshiya ce, ba a kuma zuba gishiri a titi kamar yadda su ke yi saboda ƙanƙara. Sai dai mai sayen tokunbo ya tuna, motar ta riga ta sha gishirin can kafin ta hau jirgin ruwa. Ya sa a ɗaga ta, ya leƙa ƙarƙashinta da fitila. Ya duba wayoyin lantarki kuma, gama yawancin abin da a ke kira aljanun motar Italiya, fitila ta kama yau ta ƙi gobe, ba kome ba ne illa mahaɗin waya da ya yi tsatsa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne in an gwada su da babbar matsalar, watau kayan gyara. Kowace mota tana lalacewa. Bambancin shi ne kwana nawa za ta yi a kwance. A 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna, aka buɗe ta Volkswagen a Ikko. Gwamnati ta mai da Peugeot 504 motar aikinta, direbobin haya suka bi, 'yan kasuwa suka cika rumfunansu da kayanta, yaran gareji kuma a kanta suka koyi sana'a. Mai 504 in kulocinsa ya ƙone da safe, kafin la'asar ya koma gida da motarsa. Mai Fiat kuwa sai a ce masa a aika Kano, in ba a dace ba a aika Ikko. Mako ya wuce, wata ya kama, mota na ƙarƙashin bishiya, kaji na kwana a inuwarta. Shi kuwa yana biyan kuɗin haya zuwa aiki kullum, bashin mota bai fasa fita daga albashi ba, lasin da inshora suna ta cin kwanakinsu. In haƙuri ya ƙare, bakanike ya ce bari a yi dabara, a sassaƙe kayan wata motar a cusa. Dabarar takan yi aiki wata uku, ta kuma jawo wata ɓarnar. Ranar da ya gaji ya kai ta kasuwa, dillali zai taya ta da abin da bai kai rabin darajarta ba, domin shi ma mai sayen ya san abin da ke jiransa. Ɗan abin da aka tara daga sauƙin mai, nan ya ke zubewa gaba ɗaya. Bayan 1986, da darajar Naira ta faɗi, kayan da a ke shigowa da su suka yi tsada, sai abin ya ƙara tsananta ga duk motar da ba ta da 'yan'uwa da yawa a gari.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙirar Italiya ce ba ta jure ƙasarmu. Shaidu uku sun ƙaryata haka, dukansu kuwa sanannu ne a Zariya.

Na farko Vespa. Kamfanin Piaggio ya fito da ita a 1946 a garin Pontedera, ma'anar sunan kuwa zanzaro, saboda siririn ƙugunta da ƙugin injinta. Shekara da shekaru ita ce dokin malamin makaranta da akawun En'e. Dalili a fili ya ke. Tana da garkuwa a gaba mai tare laka, ana hawanta da babbar riga ba tare da ta naɗe a sarƙa ba, don ba ta da sarƙa a waje, tana kuma ɗauke da safayar taya a jikinta. Injin mai sauƙi ne, a haɗa fetur da ɗan baƙin mai a zuba, in ta ƙi tashi a kwance filogi a goge. Da ta yi yawa sai kayanta suka yi yawa, masu gyaranta suka zama ƙungiya guda a cikin makanikai. Ga shi ƙasa ɗaya ta ƙera su, amma mai Vespa bai san jiran da mai Fiat ya sha ba. Jikanta ma yana nan tare da mu. A 1948 Piaggio ta ƙera mai ƙafa uku ta kira shi Ape, watau ƙudan zuma, kamfanin Bajaj na Indiya ya koyi ƙirar a ƙarƙashin izininsu, daga wannan zuriya Keke Napep ya fito, wanda a Kano a ke kira A Daidaita Sahu.

Na biyu babbar motar kaya, Fiat 682, wadda aka fara ƙerawa a 1952 aka kuma ci gaba da yin ta fiye da shekara 30, yawanci saboda kasuwar Afirka. Ba ta da gudu, ba ta da ado, amma tana da injin gas mai silinda shida da ba ya gajiya, direbobi kuwa sun san halinta. Kamfanonin gine-gine na Italiya sun taimaka wajen sabar da mutane da injunan ƙasarsu: su suka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a shekarun 1970. Har gwamnati ta haɗa gwiwa da Fiat aka kafa National Trucks Manufacturers a kan hanyar Zariya a Kano, don haɗa manyan motoci da taraktoci. Aikin bai yi nisa ba ya tsaya cikin shekarun 1980, da kuɗin ƙasashen waje suka yi wuya. Abin lura shi ne, ƙananan motoci ba sa cikin wannan shiri. An riga an ba Peugeot da Volkswagen wannan fage.

Na uku zai ba wasu mamaki. J5 ɗin nan mai ɗaukar tumatir da barkono zuwa Kudu, ko da ya ke tambarin zaki ne a goshinta, tagwai ce da Fiat Ducato. Kamfanonin biyu ne suka haɗu suka tsara ta, aka fara ƙera su tare a 1981 a ma'aikatar Sevel da ke Atessa cikin ƙasar Italiya. Ba kullum injinsu ke zama ɗaya ba, amma gangar jiki da kaya masu yawa ɗaya ne. Direban da ke rantsuwa ba zai taɓa motar Italiya ba, wataƙila ya shekara goma yana tuƙa ta bai sani ba.

To, yau fa? Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, ƙaramar mota ta sake yin farin jini. Ba mamaki wani malami ya ga tokunbo Fiat Punto ko Panda da araha, ya ji ta kwanta masa. A ganinmu ba laifi ba ne ya saya, in ya cika sharaɗi. Kafin ya biya ko sisi, ya bar motar inda ta ke, ya tafi Sabon Gari da ƙafarsa, ya shiga rumfa uku ya tambayi kuloci, da famfon ruwa, da bel ɗin inji, da gilashin gaba na irinta. In an ɗauko masa a take, madalla. In an ce ya ba da kuɗi a aika, ya tambayi kwana nawa, ya ninka abin da aka faɗa masa. Sa'an nan ya nemi bakaniken da ya taɓa buɗe irin injin, kuma yana da na'urar da ke karanta kwamfutar motar, gama motocin yanzu ba a gane ciwonsu da kunne kaɗai. Ya guji mai giyar da ke canza kanta, ya nemi ta hannu. Alfa Romeo kuwa, duk da daɗin tuƙinta, ta mai mota biyu ce.

A watan Janairu 2021 kamfanin Fiat da na Peugeot suka haɗe suka zama ɗaya, mai suna Stellantis, wasu sababbin motocinsu ma ƙashi ɗaya gare su, suna ne kawai ya bambanta. Amma wannan bai shafi tsofaffin da ke isowa kasuwarmu ba, waɗanda aka ƙera tun gidajen biyu suna rabe. Kayan 406 ba sa shiga Punto.