Ƙurajen Bakin Tumaki da Awaki: Cutar da ke Tsallakawa Hannun Mai Kiwo

A ƙasar Dakoro da wuya a shiga gida ba a tarar da akuya ko tunkiya a turke ba. Tun daga Kornaka da Sabon Mashi a kudu, har kwarin Tarka da ƙasar makiyaya a arewa, ƙananan bisashe su ne asusun talaka. Su ake kaiwa kasuwa a sayo hatsi idan rumbu ya ƙare. Su ake yankawa ranar suna. Mata da yara ne suka fi ɗawainiya da su. Saboda haka duk cutar da ta fito a bakin akuya, hannun mace ko na yaro ne za ta fara tararwa.

Akwai wata cuta mai irin wannan hali. Likitocin dabbobi suna ce mata ektima da Faransanci, Turawan Ingila kuma suna ce mata orf. Masu kiwo sun san ta da ido ko da ba su san wannan suna ba. Ita ce ƙurajen nan masu kaurin ɓawo da ke fesowa a leɓen tumaki da awaki, musamman ƙanana masu shan nono. Ana samun ta a ko'ina cikin duniya inda ake kiwon waɗannan bisashe. Tun shekarar 1934 waɗansu likitocin dabbobi a Amurka suka rubuta cewa tana kama mutum.

Yadda take shiga garke

Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa, irin wadda ake kira birus. Ido ba ya ganin ta. Ba ta iya huda lafiyayyar fata, sai ta samu ƙofa. Ƙofar kuwa ita ce ƴar tsaga ko ƙwarzane. A ƙasar da ƙarangiya ta yi yawa kamar tamu, ga ƙayar aduwa, ga busasshen kara da rani, bakin dabba ba ya rabuwa da irin wannan rauni.

Bayan ƴan kwanaki sai wurin ya yi ja, ya ɗuri ruwa, ya fashe, sannan ya yi ɓawo mai kauri. Yakan fara daga kusurwar baki, ya bazu zuwa leɓe da hanci. Wani lokaci har dasashi da harshe, ko fatar ido, ko saman kofato. Idan ya kama dabba ɗaya, ba a daɗewa sai a gan shi a bakin sauran, domin kwami ɗaya suke ci, wuri ɗaya suke shan ruwa.

Babbar dabba mai ƙoshi takan warke da kanta cikin mako 3 zuwa 4. Ɓawon ya bushe ya faɗi, a ce cuta ta wuce. Amma ba ta wuce ba. Ƙwayar tana nan da rai cikin busasshen ɓawon da ya faɗi a turke. A wuri busasshe takan yi watanni, har fiye da shekara. Shi ya sa ake ganin gida guda ƙurajen suna dawowa duk lokacin da aka yi sababbin haihuwa. Dabbar da ta taɓa yi ma tana iya sake kamuwa, sai dai na biyun yakan zo da sauƙi.

Inda asara take shi ne wajen ƙanana. Ɗan akuya mai ciwon baki ba ya iya kama nono da kyau. In ya kama kuma, sai ya shafa wa uwar cutar a kan nono. Zafi ya sa uwar ta riƙa harbin sa, ta hana shi sha. Nono ya taru, hantsa ta kumbura, wani lokaci ta lalace ke nan. Yawancin ƴan awakin da ke mutuwa a wannan hali yunwa ce ke kashe su, ko kuwa ƙudaje sun zuba tsutsa a cikin gyambon. Mai jar akuya irin ta Maraɗi, wadda ta saba haifar tagwaye, ta san abin da rashin ƴaƴa biyu a mako guda yake nufi.

Hannun da ya ɓamɓare ɓawo

Mutane da yawa idan sun ga ƙurajen sai su kama dabbar, su ɓamɓare ɓawon da farce har jini ya fito, su goga gishiri ko kanwa. Niyyar mai kyau ce, amma aikin ba shi da kyau. Ɓamɓarewa tana jinkirta warkewa, tana watsa ƙwayar a ƙasa. Kuma ta nan ne cutar ke shiga hannun mutum. Wace mace ce a karkara ba ta da ƴar tsaga a yatsa, ga faskare, ga daka, ga kaushin hunturu?

Kwana 3 zuwa 7 bayan taɓa dabbar, sai wani ɗan ƙurji ja ya fito a yatsa ko a bayan hannu. Yawanci guda ɗaya ne. Yana girma a hankali har faɗinsa ya kai santimita 2 ko 3. Akwai lokacin da za a ga tsakiyarsa ja, da farin zobe kewaye, da wani jan zobe a waje. Daga nan ya riƙa tsattsafo da ruwa, sannan ya bushe ya yi ɓawo. Waɗansu sukan yi ɗan zazzaɓi, ko kaluluwa ta fito musu a hammata. Cikin kamar mako 6 yakan warke da kansa, sau da yawa ko tabo ba ya bari.

Ga shi da kamar maruru, amma ba maruru ba ne. Babu mugunya a ciki, nama ne jajir. Wanda ya kai wa wanzami a yi masa sakiya, jini kawai zai zubar, ya kuma buɗe hanya ga waɗansu ƙwayoyin cuta. Sau da yawa yatsan da ya ruɓe, aska ce ta jawo, ko toka da ƙasa da aka tura a ciki. Haka nan ƙwayoyin maganin da ake saye a tebur a kasuwa ba su kashe birus. Kuɗi ne kawai za su tafi.

Abin da ake so shi ne a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a bar shi a bushe. Kada a matsa, kada a soke. Da wuya ƙwarai mutum ya shafa wa ɗan'uwansa, don haka ba a ƙyamar mai shi, ba a raba masa kwano. Amma a tafi gidan likita idan ƙurjin ya fito kusa da ido, ko hannun ya kumbura yana zogi yana fitar da mugunya, ko waɗansu ƙuraje masu zobe sun feso a tafin hannu da ƙafa. Wanda wata doguwar cuta ta raunana wa jiki, kamar mai sida, kada ya jira ko kaɗan, domin nasa yakan yi girma sosai ya ƙi warkewa. In an je, a gaya wa malamin asibiti cewa an taɓa dabba mai ciwon baki. Wannan magana guda tana iya hana a yi wa mutum yankan da ba ya bukata.

Kada a ɗauke ta a madadin ciwon saifa

A nan ne ake son hankali. Akwai wani ƙurji da shi ma daga dabba yake zuwa, amma shi yana kisa. Shi ne na ciwon saifa. Tsakiyarsa baƙi ƙirin kamar gawayi, gefensa kuma kumburi mai yawa, ga shi ba ya cika zafi ba. Yakan fito ga wanda ya feɗe ko ya ɗauki naman dabbar da ta faɗi farat ɗaya, wadda baƙin jini ke fita mata ta hanci ko ta baya. Wannan ba a jiran sa ya warke da kansa. A ranar da aka gan shi, a ranar za a tafi likita, domin akwai maganinsa idan an yi sauri. Irin wannan dabba ba a feɗe ta, ba a cin ta. A sanar da ma'aikatan kiwo.

A wajen bisashe ma akwai mai kama da ita. Idan bayan ciwon baki dabbar tana zazzaɓi, ido da hanci suna zuba, ga zawo, ga mutuwa a jere, to ana zaton annobar ƙananan bisashe ce, wadda ake yi wa allurar rigakafi kowace shekara. Ita ba ta kama mutum, amma tana share garke. A sani kuma, wannan allura ba ta hana ƙurajen baki. Kowace cuta da tata ƙwaya.

Abin yi a turke

A ware mai ciwo, a ba ta nata kwano da nata ruwa. A ba ta abinci mai laushi, kamar jiƙaƙƙiyar dusa da ɗanyen ganye, a nisanta ta da ƙaya. Ɗan da ya kasa tsotso a tatso nonon uwar a ba shi a hankali, sau da yawa a yini. Wanda zai yi wannan aiki ya sa safar hannu ta roba. In babu, ya zura hannunsa cikin leda marar huji, in ya gama ya ƙone ta, ya wanke hannu da sabulu. Mai rauni a hannu ya bar wa wani. Yara kuma a hana su wasa da bakin ɗan akuya.

Ana shafa wa ƙurajen shuɗin maganin nan ko aidin domin kada su ruɓe, kuma ƙuda ya nisance su. Allura sai in likitan dabbobi ya ga gyambon ya ruɓe. Mutanen Dakoro sun yi dace ta wannan fanni. A nan ne a shekarar 2003 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar Beljiyam da ƙungiyar Karkara suka soma tsarin nan na likitan dabbobi mai zaman kansa, tare da mataimakan da aka horar a ƙauyuka da rugage. Ga kuma ma'aikatar kiwo ta gunduma. A kira su tun ciwon yana bakin dabba ɗaya.

Idan an warke, a share turken, a ƙone sharar da ɓawon, a wanke kwami da ruwan jabel. In da hali a sauya wurin ɗauri.

Rago daga kasuwa

Yawanci da kuɗinsa mutum yake sayo cutar. Mai sayen ragon turka a kasuwar Sakabal ko ta Dakoro yakan duba haƙori, ya taɓa gadon baya, ya ɗaga wutsiya. To ya duba kusurwar baki da hanci ma. Ko balami ne mai kyan gani, in an kawo shi gida a ɗaure shi shi kaɗai har mako 3 kafin a haɗa shi da sauran.

Lokacin babbar salla ne aka fi samun ƙurjin a hannun mutanen da ba su kiwo. Likitoci a Turkiyya da Beljiyam da Faransa sun lura cewa masu wannan ciwo sukan ƙaru a makonnin da ke bin layya. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin mutum 4 da suka kamu wajen yanka ko gyaran nama a gida, ɗaya daga cikinsu wajen layya. Dalilin a fili yake: ga wuƙa mai kaifi, ga gaggawa, ga hannun da bai saba ba. Dafaffen nama ko gasasshe ba ya ba da cutar. Haɗarin yana wajen kai da ƙafafu da fata, wato wajen mai fiɗa, da matan da ke babbaka suna kankare kai, da yaran da ke kai fata wurin masu saye. Wanda wuƙa ta yanka a ranar ya tsaya nan take, ya wanke da sabulu, ya ɗaure, ya miƙa wa wani sauran aikin kan.