Shin Barewa Kan Yi Gudu Ɗanta Ya Yi Rarrafe?

Mun taso muna jin cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu dawakin sukuwa a Ingila sun fi shekara 200 suna zuba dukiya a kan wannan magana.

A 1791 James Weatherby ya fara wallafa kundin asalin dawaki, inda ake rubuta uwa da uban kowane doki. Idan muka bi salsalar dawakin tsere na Thoroughbred ta wajen uba, ingarmu uku za mu tarar: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian.

Mai saye yakan duba kundin. Idan iyayen sun yi fice a gajeren zango, sai ya sa ran sauri; idan a dogon zango ne, juriya. A 2010 masu bincike a Dublin suka nuna cewa ƙwayar halittar myostatin na da hannu a wannan bambanci.

Amma lissafin yakan ƙi ci. A 2006 an sayi The Green Monkey, jikan shahararren ingarman nan Storm Cat, dala miliyan 16 a Amurka. Sau uku ya yi tsere, bai ci ko ɗaya ba.

Mu da ake yawan tambayarmu "ɗan gidan wa?", mu tuna: asali hasashe ne kawai, a fage ake sanin doki.