Kalmar «jinya» da matsayin uwa a cibiyoyin tamowa

Faransanci yana rarrabe «soignant», «malade» da «accompagnant». A Hausa kuwa tushen guda ne, watau «jinya»: «majinyaci» na nufin marar lafiya, yana kuma nufin mai zama da shi. Lamarin bai tsaya ga ƙamus ba. Lokacin yunwar 2005, a cibiyoyin MSF na Maraɗi, uwa ce ke kwana da yaro mai tamowa, tana ba shi madara bisa umurnin likita. Daga baya, a Miriya, an koya wa uwaye awon damtsen yara: in bai kai milimita 115 ba, sai asibiti. Saboda haka, tafintan da ya kira uwa «ƴar rakiya» ya rage mata matsayin da harshe da aikinta suka ba ta.