Idon Koma da Makomar Masuntan Kainji

A ƙauyukan masunta da ke bakin tafkin Kainji, kusa da Yauri, hantsi bai gama ɗagawa ba jiragen kwale-kwale sun dawo. Mata na jira da kwanduna, hayaƙin banda na tashi a bayan bukkoki, fatake na ciniki. Wanda ya leƙa cikin kwandunan zai ga abin da tsofaffin Sarkawa ke kuka da shi: karfasa da tarwaɗa da ba su wuce tafin hannu ba, giwan ruwa kuwa, wanda kan haura kilo 100, sai an dace. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa ta nutse aka tayar da mutum kusan 44,000, rayuwar waɗannan ƙauyuka ta rataya ga tafkin. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙanƙancewar kifin daga idon koma ta faro.

Masu binciken kifi da ke Sabuwar Busa kan zo bakin ruwa da sikeli da ma'auni, su auna tsawon kifi, su tsaga ciki su duba ko ya isa yin ƙwai. Dalilin wannan aiki a fili yake. Idan farin ruwa na damina ya malala cikin fadama, nan kifi ke hayayyafa: bargi ya yi sheƙa cikin ciyawa, uwar karfasa ta riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe. Komar dala mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa don kamun warangi tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da shi. Kifin da aka kama bai yi ƙwai ko sau ɗaya ba, an kama shi ne da zuriyarsa duka.

Masunci zai ce cikin iyalinsa bai san gobe ba, kuma in ya bar ƙaramin kifi, maƙwabcinsa zai kwashe. Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa dokar da aka rubuta a ofis ba ta isa ita kaɗai ba. Hani yana aiki ne idan ya hau kan kowa lokaci guda, daga bakin wanda ake jin maganarsa, wato Sarkin Ruwa, tare da rancen sayen koma mai manyan idanu da noman rani da zai riƙe gida a watannin da aka rufe ruwa don ya huta. Wasu kuma na cewa rufe ruwa baƙon abu ne da 'yan boko suka kawo. Argungu ta ishe su amsa: ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar bikin kamun kifi da aka fara a 1934, kuma manyan kifayen da ake fitarwa a ranar shaida ne cewa ruwan da aka hutar yana biya.

Mai bincike ya san girman da kifi ke fara ƙwai, Sarkin Ruwa ya san gurbin da yake yinsa da mutanen da za su kiyaye. Ranar da su biyun suka zauna kan tabarma ɗaya suka yanke faɗin idon koma, ranar ce jikokin Sarkawa suka sami gādo.