Ƙurar Ƙarfe Mai Dakon Magani

Ya ku ɗalibai, duk wanda ya taɓa jan mayen ƙarfe a cikin yashi ya ga wata baƙar ƙura tana manne masa. To, wannan ƙura ƙarfe ne da ya haɗu da iska, dangin tsatsa. Irinta masana ke son ɗora wa dakon magani.

Ga mas'alar. A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa, likitoci na ce mata fankiriyas. Ita ke fitar da ruwan narkar da abinci, ita ke daidaita sukarin jini. Ciwon dajinta yana da wuyar magani, saboda ƙarin yakan kewaye kansa da tauri kamar ganuwa. In an ɗura magani a jini, kaɗan ke shiga, saura ya bazu ya wahalar da lafiyayyen jiki.

Dabarar ita ce a ƙera ƙwayoyin ƙarfen nan ƙanana ƙwarai, sai an jera wajen dubu kafin su kai kaurin silin gashi. A lulluɓe su don kada su cutar, a ɗaura musu maganin, a tura su cikin jini, sa'an nan a sa mayen ƙarfe mai ƙarfi daidai wurin ciwon ya tara su can. Wata fa'idar kuma, na'urar hoton asibiti tana nuna inda suka tsaya.

A 1996 aka gwada wannan a Jamus kan majinyata 14 masu wasu ciwukan daji. A 2009 Amurka ta yarda da irin ƙwayoyin nan wajen maganin ƙarancin jini. Amma ga fankiriyas, galibin gwajin yana kan ɓeraye tukuna, don gaɓar tana can ciki, ƙarfin maye kuwa yana raguwa da nisa.

Saboda haka kada wani ya jiƙa tsatsa ya sha, ko ya ɗora mayen ƙarfe a ciki. Ku dai faɗa wa iyayenku: in babba ya ga idonsa ya yi ɗorawa, yana ramewa, ga ciwon ciki mai ratsawa baya, kada a ce shawara ce a zauna. A garzaya Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, tun ciwon bai yi nisa ba.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.