Sauko da Hotuna da Bidiyo Daga Rumbun Gajimare Zuwa Kwamfutar Tebur

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a yau da wuya ɗalibi ya fita neman bayanai domin kundin digirinsa ba tare da wayar hannu ba. Da ita yake ɗaukar hoton shafukan ajamin da wani malami ya ba shi aro na yini ɗaya, da ita yake ɗaukar makaɗi da 'yan amshinsa, da ita kuma yake naɗar hirarsa da tsohuwar da ta san tatsuniyoyin garinsu. Galibin wayoyin nan an shirya su ne yadda za su riƙa aika kwafin duk abin da aka ɗauka zuwa wata ma'ajiya ta kamfani ta hanyar intanet. Wannan ma'ajiya ita ce Turawa suka laƙaba wa sunan gajimare. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake sauko da irin waɗannan kaya zuwa kwamfutar tebur, da kuma nuna cewa abin da ya sauko ba kullum ne yake zama daidai da abin da aka ɗora ba.

Ina gajimaren yake?

Sunan yana da ruɗarwa, domin Bahaushe in ya ji an ce gajimare, sama yake dubawa. Alhali kuwa abin a ƙasa yake. Manya-manyan gine-gine ne maƙare da dubban kwamfutoci, waɗanda ake kira uwayen garke, ana ba su wuta ana sanyaya su dare da rana. Kamfanin Google, alal misali, yana da irinsu a jihohi da dama na Amurka, da birnin Dublin, da garin Hamina na ƙasar Finlan. Sunan ya samo asali ne daga al'adar injiniyoyin sadarwa ta zana hoton gajimare a taswirarsu domin nuna sashen hanyar da ba a hannunsu yake ba. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da rumbu zai ce, sai dai rumbu ne da ke tsakar gidan wani.

Tsakanin mai hoto da wannan rumbu akwai tafiya mai nisa, mafi yawanta ta cikin wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris, 2024 jama'ar Afirka ta Yamma sun gani da idonsu, sa'ad da wayoyi huɗu, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar tekun Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni ƙwarai a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, aka kuma ɗauki makonni ana gyara. Hotunan mutane suna nan lafiya lau a rumbun, hanyar isa gare su ce ta toshe.

Dalilin saukowa

Babban dalili shi ne mai rumbu shi ke da ikon sauya sharaɗin ajiya. A 2015 Google ya buɗe Google Photos da alkawarin ajiye hotuna kyauta ba iyaka, muddin mutum ya yarda a ɗan matse su. Daga 1 ga Yuni, 2021 wannan gata ya ƙare, duk sabon hoto ya koma shiga cikin gigabait 15 na kyauta, waɗanda kuma ake rabawa tsakanin hotuna da wasiƙun Gmail da fayilolin Drive. Idan wurin ya cika, har wasiƙa ba ta shigowa. A 2023 kuma kamfanin ya ba da sanarwar cewa daga watan Disamba na shekarar yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wannan ya shafi ɗalibin da ya buɗe asusu domin aikin kundi kawai, ya gama, ya tafi bautar ƙasa, ya manta da kalmar sirri. Kamfanin Apple kuwa gigabait 5 kacal yake bayarwa kyauta a iCloud tun buɗe shi a 2011.

Wasu kamfanonin sun yi abin da ya fi haka. Flickr, wanda a 2013 ya ba kowa terabait guda kyauta, ya sauya hannu a 2018, sabon mai shi ya taƙaita ajiyar kyauta ga hoto 1,000. A 2019 MySpace ya amsa cewa wajen ƙaura daga wasu uwayen garke zuwa wasu ya yi hasarar kayan da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, ciki har da waƙoƙi kimanin miliyan 50. Masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Akwai wani dalilin da ya fi waɗannan kusa, wanda kuma mutane ba su cika lura da shi ba. Rumbun gajimare yakan yi aiki ne kamar madubin wayar. Wanda ya goge hoto a cikin manhajar hotunan iPhone domin samun fili, alhali iCloud na kunne, ya goge shi a rumbun ma. Hoton zai zauna a jakar abubuwan da aka goge na kwana 30, daga nan sai ya tafi. Haka abin yake ga wanda ya goge hoto daga cikin manhajar Google Photos. Kwafin da aka sauke aka ajiye daban a kwamfuta shi ne wanda wannan gogewa ba ta kai gare shi.

Hanyoyin saukowa

Idan hotunan 'yan kaɗan ne, aikin ba shi da wuya. Mutum zai buɗe shafin kamfanin a kwamfuta, ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ya zaɓi abin da yake so, ya ba da umurnin saukewa. Google Photos yakan karɓi hoto 500 a zaɓi ɗaya, shafin iCloud kuwa 1,000. Za su sauko a dunƙule cikin matsattsen ƙunshi mai suna zip, wanda sai an kwance shi kafin a ga abin da ke ciki. Masu iCloud suna da wata hanyar, watau manhajar iCloud ta Windows, amma a kula, sau da yawa ɗan ƙaramin hoton shaida kawai take nunawa, ainihin fayil ɗin yana can sai an buɗe shi ko an umurce ta ta riƙe shi a kwamfutar. Manhajar Drive ta kwamfuta kuwa ba ta sauko da abin da ke Google Photos, domin tun watan Yuli na 2019 kamfanin ya raba ma'ajiyun biyu.

Wanda ke son kwashe kome da kome, sai ya bi ta Google Takeout, wanda aka buɗe a 2011. A nan za a nuna masa jerin dukan hidimomin kamfanin, kowace da alamar zaɓi. Sai ya cire alamar daga dukansu, ya mayar da ita a kan hotuna kaɗai, in ba haka ba za a haɗo masa har da wasiƙunsa na shekaru. Sa'an nan ya zaɓi girman kowane ƙunshi, daga gigabait 1 zuwa 50. Kamfanin zai ɗauki sa'o'i, wani lokaci ma kwanaki, yana haɗa kayan, in ya gama ya aiko da wasiƙa mai ɗauke da mahaɗin saukewa. Mahaɗin nan kimanin mako guda yake yi ya mutu, saboda haka bai kamata a nemi kayan ba sai an tanadi data da lokaci.

Zaɓen girman ƙunshi ya cancanci a tsaya a kansa. Ana auna saurin intanet da megabit, ana auna fayil da megabait, megabit takwas kuwa su ne megabait guda. Ke nan layin da ke gudun megabit 10 a daƙiƙa, megabait 1.25 yake kawowa. Gigabait 15 a kan irin wannan layi zai ci sa'a uku da minti ashirin, in har layin bai yi tangarɗa ba. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta tafi-da-gidanka, da an ɗauke wuta ta mutu, saukewar da ta katse kuma ba kullum take yarda ta ci gaba daga inda ta tsaya ba. A inda wuta ba ta da tabbas, ƙunshi takwas na gigabait 2 sun fi guda ɗaya babba, domin kowane ɗaya ƙasa da rabin sa'a zai ci, wanda ya lalace kuma shi kaɗai za a sake. Daɗin daɗawa, filas da yawa an tsara su ne da tsohon tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, kome yawan filin da ya rage.

Abin da kan salwanta a hanya

Abu na farko shi ne ingancin hoton kansa, kuma wannan tun wajen ɗorawa yake tafiya. Idan wayar tana kan tsarin tsimin wuri na Google Photos, duk hoton da ya wuce megafiksil 16 za a rage shi zuwa 16, bidiyo kuma zuwa mizanin 1080, a kuma matse su. Abin da aka matse ba ya dawowa wajen saukewa. Ga hoton biki wannan ba wani abu ba ne. Ga tsohuwar takardar ajami mai dusasshen tawada, inda ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi, ya fi kyau a kwafe na asalin kai tsaye daga wayar ta hanyar kebul tun yana nan. Shafin iCloud shi yakan ba da zaɓi tsakanin na asali da wanda aka juya domin kowace kwamfuta ta buɗe shi. Dalili kuwa tun 2017 wayoyin iPhone suke ajiye hoto da tsarin HEIC, wanda sau da yawa Windows ba ta buɗewa sai an ƙara mata wata 'yar manhaja. Sau da yawa mutum yakan zaci hotunansa sun lalace ne, alhali kwamfutar ce ba ta iya karanta su ba.

Abu na biyu ya fi muhimmanci ga mai bincike, watau kwanan wata. Kowane hoto yana da kwanan wata iri biyu. Akwai wanda kyamara ta rubuta a cikin cikin hoton, tare da sunan wayar da, in an yarje mata, wurin da aka ɗauka. Wannan shi ake kira Exif. Akwai kuma wanda kwamfuta ke liƙa wa kowane fayil, wanda bayan saukewa yakan nuna ranar da aka haɗa ƙunshin ko aka kwance shi. Saboda haka mutum zai buɗe jaka ya tarar da hotunan shekara goma duk suna ɗauke da rana ɗaya. Inda Exif yake nan, gyaran mai sauƙi ne, sai a umurci kwamfuta ta jera su bisa ranar ɗauka. Matsalar tana ga hotunan da ba su da shi, musamman waɗanda aka turo ta WhatsApp, domin manhajar takan matse hoto ta kuma cire wannan bayani, sai fa in an tura shi a matsayin fayil.

A nan ne wasu 'yan ƙananan fayiloli na Takeout suke da amfani. Kusa da kowane hoto akan sami wani fayil mai kama da sunansa wanda ya ƙare da json. In an buɗe shi rubutu ne zalla mai kama da shirme, shi ya sa mutane da yawa suke share su a matsayin shara. A cikinsu ne kuwa kamfanin ya zuba ranar ɗauka kamar yadda ya san ta, da wurin, da duk bayanin da mai hoto ya rubuta a ƙarƙashin hoton da hannunsa. Ɗalibin da ya rubuta sunan ƙauye da sunan waƙa a ƙarƙashin kowane bidiyo, aikinsa yana cikin waɗannan fayiloli, ba a cikin bidiyon ba. Waƙar da aka naɗa ba a san ranar ba, ba a san garin ba, ta rage daraja ƙwarai a matsayin hujja, kuma babu malamin da zai duba kundi bai tambayi waɗannan biyun ba. Akwai manhajar kyauta mai suna ExifTool, wadda Phil Harvey ya fitar a 2003, da ke iya karanta waɗannan bayanai ta mayar da su cikin hotunan, ko da yake tana bukatar wanda hannunsa ya ɗan faɗa. Wani abin lura kuma, hoto yakan faɗa ƙunshi na uku, fayil ɗin bayaninsa ya faɗa na biyar. Don haka sai an kwance dukan ƙunsoshin a jaka ɗaya kafin a ce wani abu ya ɓace.

Yawan abin da ya sauko ma yakan ruɗa mutum, amma ta wajen ƙari. Hoton da aka sa a kundin hotuna yakan fito sau biyu, a jakar shekararsa da jakar kundin, wanda aka gyara kuma yakan zo da na asali da gyararren.

Bayan an sauke

Kada a goge kome daga rumbun sai an bincika. A kwatanta yawan hotunan kowace shekara da abin da shafin kamfanin ya nuna, a buɗe bidiyoyin masu tsawo a tsallaka zuwa ƙarshensu, domin bidiyon da ya yanke yakan fara wasa lafiya lau. Faifan ajiyar kwamfuta shi ma yana mutuwa, zafi da ƙurar hunturu da hawa da saukar wuta kuma ba su yi masa daɗi. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1, watau kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga ɗalibi wannan yana nufin kwamfuta, da faifan waje da ke cikin akwati, da kuma shi rumbun gajimaren, wanda ya cike gurbin wuri na daban.

Wanda ya yi aikin a kwamfutar sashe ko ta shagon intanet, sai ya kwashe kayansa, ya share ƙunsoshin daga jakar saukewa da kwandon shara, sa'an nan ya fita daga asusunsa kafin ya tashi. Ƙunshin Takeout ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya zauna a kujerar bayansa yana iya kwance shi, a ciki kuwa har da fuskokin mutanen da aka yi hira da su da wuraren da aka same su.